Yadda Za Ka Tsare Mabuɗinka da Kek Mai Kwakwa

Shekara tara ina ƙidayar kifi da kwamfuta a ofishinmu na Hobart, a tsibirin Tasmaniya. Bi matakan nan, na yi maka alkawari mabuɗinka ba zai sake yawo a duniya ba.

1. Karɓo mabuɗin

Dandalin da muke ɗibar alƙaluma zai ba ka ɗan fayil mai sunanka da haruffa arba'in marasa ma'ana. Shi manhajarka za ta riƙa nunawa a ƙofa a bar ta ta shiga. Ajiye shi a ɓoyayyen wuri cikin kwamfutarka.

2. Manta inda ka ajiye

Ranar Litinin dandali zai ce bai san ka ba. Ka zagi intanet. Ka zagi iskar Tasmaniya. Masana sun tabbatar laifin bai taɓa zama na mai kwamfuta ba.

3. Manna shi cikin aikin, "na minti biyu kawai"

Ka tono shi, ka liƙa shi tsirara a layi na uku. Ya yi aiki! Don murna, tura aikin gaba ɗaya inda duk duniya ke karantawa.

4. Tarbi Narelle

Ita ce mai tsaron kwamfutocin ofis, kuma ba ta gudu sai da dalili.

"Mutumina," za ta ce, "wani a can wata ƙasa yana ɗibar kifinmu da sunanka."

"Ai na goge!"

"Ka goge na yau. Na jiya fa, da ke nan a tarihin aikin? Soke mabuɗin. Kuma ka san dokar wanda ya saki mabuɗi: Juma'a, shayin ƙarfe goma, kek na mutum ashirin, da hannunka. Ban da na kanti."

Nan ne za ka tuna ko ƙwai ba ka iya soyawa ba.

5. Gasa shi da gaskiyarka

Kada ka nemi taimako. Nawa ya fito baƙi ƙirin, kwakwar na zuba kamar yashi. Tevita, mai teburin kusa da ni, ya gatsa, ya daɗe yana kallon taga.

"Ɗan'uwa, me muka yi maka?"

Wallahi na ji kunya har bayan kunnena. Amma doka ta ce sai an cinye, haka suka cinye.

6. Huta

Tun ranar, ba na tura ko layi ɗaya sai mutum huɗu sun taso sun duba. Tevita har hutunsa ya ɗage da ya ji zan taɓa fayil ɗin. Duk ofishin babu mabuɗin da ake gadi kamar nawa.

Gargaɗi: haƙorin da ya karye da zumuncin da ya lalace ba ruwana. In kuma Allah ya jarrabe ka da iya gashi, rufe wannan takarda. Abokan aikinka da kansu za su tura mabuɗin naka duniya duk Alhamis.