Ungozoman Taurari

Duk faɗin Marrakesh ba a yi masanin sama kamar Farfesa Mahjub Sakkat ba, shi ma ya sha tabbatar mana da hakan. Aikinsa gano ƙananan taurari masu ƙuruciya da ke tafiya ayari guda kusa da mu, 'yan gida ɗaya da aka haifa tare. Mu ma'aikatansa muna kiransa Ungozoman Taurari. A bayan idonsa muka fara, da ya ji sai ya ce ya dace.

Wasu sai sun auna tafiyar tauraro da haskensa, sun nemi sinadarin litiyam da ke ƙonewa idan tauraro ya tsufa. Farfesa kallo ɗaya yake yi.

"Ni yaro ba ya ɓuyar mini," in ji shi, yana tsiyayo shayin na'ana'a daga sama. "Ku duba ɗan jan tauraron nan. Ga juyi da sauri, ga haske ya fi ƙarfinsa, ga rawar kai. Ɗan ayarina ne!"

Mataimakiyarsa Dakta Zuhur ta ce, "Si Mahjub, a jira awon haskensa dai."

"Jira na masu shakka ne, 'yata."

Muka ce gaskiya ne. Ai sunayenmu za su hau binciken.

Lokacin ritayarsa ya zo, kuma da wannan tauraron yake so kwamitin jami'a ya bar masa kujerarsa. Don haka da sakamakon awon ya iso, ya hana kowa buɗewa sai gaban kwamiti, bayan an ci kuskus.

Aka haska a bango. Litiyam babu ko ɗigo. Kowane layin da awon hasken ya nuna kuma ya rabu biyu. Ashe tsofaffin taurari ne guda biyu manne da juna, suna kewaya juna da sauri, haskensu ya haɗu har suka yi kama da yaro ɗaya.

Farfesa ya gyara jallabiya. "Allahu Akbar! Tagwaye muka samu!"

Muka tafa. Wallahi har da masu miƙewa.

Shugabar kwamitin, wadda ita ma ilimin sama ta karanta, ta bari tafin ya lafa.

"Barka, ya Ustaz. Sai dai tagwayen naka sun girmi rana. Ka je ka huta, Allah ya saka."

Mu kuwa, tafukanmu ba su daina zafi ba kowa ya fara tuna cewa shi dama tun farko bai yarda da yaron nan ba.