Doguwar Sandar Goge Taga da Farar Rigar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na yi a Roni ba, ko da kuwa tsufa zai sa in manta sunan unguwarmu.

Lokacin ban daɗe da fara sana'ar goge-goge a Kazaure ba: wankin tayil, goge gilasan shaguna, share gidajen da magina suka gama. Na yi shekara biyu ina wannan aiki a ƙarƙashin wani a Kano, na dawo gida kaina ya kumbura, ina ganin duk faɗin ƙasar Kazaure babu wanda ya san gilashi kamar ni. Na ɗinka shuɗiyar riga mai rubutu a baya, na sa aka buga min kati. Ciniki kuwa sai a hankali. Matata Rabi ce kaɗai ke ce min Injiniya, ita ma sai in tana son ta ba ni haushi.

Mahaifinta, wanda muke ce wa Baba Alhaji, mutumin Roni ne, shi ne kuma shugaban kwamitin wata Islamiyya a can. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa tambayata abin da nake yi ba, amma na san labari ya kai masa cewa surukinsa mai digiri ya ɓige da shara. (Na san wanda ya kai labarin. Allah ya yafe masa, ni dai da saura.) Kwatsam sai ga saƙo daga wurinsa. Sun gama sabon ɗakin taro, an yi fenti, ranar Lahadi za a yi walimar saukar Alƙur'ani, amma tagogin sama sun yi kaca-kaca. Ya ce wa kwamiti kada su nemi kowa, ya san wanda ya iya. In aiki ya yi kyau, ni zan riƙa kula da ɗakin duk wata.

Aikin wata-watan ya yi min daɗi, amma ba shi ne ya tsaya min a rai ba. So nake dattijon nan ya ga da idonsa cewa 'yarsa ba ta yi zaɓen tumun dare ba.

Ranar Laraba na hau babur na je duba wurin. Ɗaki ne mai tsayi, tagogi goma sha biyu a jere can dab da silin, daga ƙasa zuwa can ya kai tsayin mutum uku. Fankoki kuma sun sauko a layi biyu, kusa da bango. Mai gadin wurin, wani tsoho da ake kira Baba Ilu, ya tsaya yana kallona ina auna bango da ido.

Ya ce, "Samari, da me za ka hau?"

Na ce, "Ai ba hawa zan yi ba, Baba. Yanzu an daina hawa."

Ya ce, "Masu fenti sun bar tsaninsu mai ƙafa huɗu a baya. Ka hau da buroshi da busasshen tsumma, ka fara kakkaɓe gidajen zanzaro, don sun cika kusurwoyin. In ka gama sai ka kawo ruwa kaɗan a roba. Abin da ke sama, sai ka je kusa da shi kake sanin halinsa."

Na yi masa irin godiyar nan ta wanda ba zai yi aiki da shawara ba. Gaskiyar magana, wadda ban faɗa masa ba, tsoron sama nake yi. Tun da na faɗo daga bishiyar mangwaro ina aji huɗu, ko kan benci ba na son hawa. Amma maimakon in ce tsoro ne, sai na kira shi zamani.

Washegari na tafi Kano. Mai shagon kayan shara, Allah ya saka masa, bai cuce ni ba. Ya fito min da ƙaramin magogi mai soso da bakin roba, na wanda zai hau tsani. Ya fito da wata matsakaiciyar sanda mai lallausan tsumma a kai, wadda ake ɗan yayyafa wa ruwa. Sannan can a kusurwa na hango wata ta alminiyam, mai zugewa gaɓa-gaɓa, kanta da gashi buzu-buzu, ga siririn tiyo da ke kai ruwa har sama daga tankin da ake goyawa kamar na feshin gona.

Ya ce, "Ciki ne ko waje?"

Na ce ciki.

Ya ce, "To wancan ta waje ce, ruwa take zubarwa sosai. Ɗauki mai tsumma."

Na juya mai tsumma a hannu, na ga ba ta da kwarjini. Wa zai ga wannan ya ce an zo da kayan aiki daga Kano? Na zaɓi doguwar, kamar yadda yaro ke zaɓen takalmin Sallah, na zuba duk ɗan abin da na tara. A mota mai karɓar kuɗi ya yi ta mita, domin sai da aka zuro ta ta taga. Rabi da ta gani ta ce, "Injiniya, wannan ta kaɗo mangwaro ce?"

Ranar Asabar da hantsi na isa. Tun asuba babu wuta a garin, ɗakin tsit. An riga an shimfiɗa dardumai saboda walima, bango fari fat. Baba Ilu ya kalli sandar, ya kalle ni, ya ce bari ya je ya sayo goro.

Na goya tanki, na zuge sanda har ƙarshe. Nan na fara gane abin da ban lura da shi ba ranar Laraba: in kana tsaye a ƙasa, babu yadda za a yi kan sanda ya kai taga sai ya bi ta tsakanin fikafikan fanka. Ban damu ba, ai fanka a tsaye take. Kowa a ƙasar nan ya san in an ɗauke wuta ba mai komawa kan makunni, wasu ma da gangan suke barin fanka a kunne don su san an kawo. A gidanmu ni ne ma mai yin hakan. Amma ranar ko kallon bangon da makunnai suke ban yi ba.

Na matsa famfo, ruwa ya hau. Da ya haɗu da gidajen zanzaro sai suka narke, jan laka ya fara gangarowa kan farin bango layi-layi. Na ce ba komai, in na gama zan goge. Kafin in kai taga ta uku gashin sandar ya sha laka ya yi nauyi, sandar sai lilo take kamar karan dawa a iska, wuyana ya ƙage, gumi na shiga min ido.

Ana cikin haka na ji sallama. Dattawan kwamiti ne su biyar, sun dawo daga ɗaurin aure, sun biyo su ga aikin zamani. Baba Alhaji na gaba, cikin babbar riga ta farar shadda, sai ƙamshi yake.

To kai mai karatu ka san ba a gaida suruki a tsaye. Sanda kuma tana sama, in na sake ta za ta faɗo kan mutane. Sai na yi abin da na ga ya dace: na durƙusa da ita a hannu. Ina durƙusawa kanta ya sauko daga taga ya kwanta a kan fiffiken fanka. Kaina a sunkuye na ce, "Barka da rana, Baba. An dawo lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, sannu da…"

Sai aka kawo wuta.

Na ji an fizgi sandar kamar an kama kifi. Gashin ya nannaɗe fiffike, kan ya ɓalle daga jikin sanda, fanka ta tafi da shi. Ta fara juyawa tana watsa jan laka ko'ina: bango, dardumai, huluna, gemu. Na tashi da gudu da tanki a baya, ruwa na ƙugi, na kai hannu kan makunni na murɗa. Ashe wajen ƙarfi na murɗa. Dattawa suka watse, wani ya rufe kai da hannun riga, wani ya yi waje babu takalmi. Baba Alhaji kaɗai bai motsa ba, don a ganinsa ba girmansa ba ne ya yi gudu a gaban suruki. Baba Ilu ne ya shigo da goro a baki ya kashe wutar daga babban makunni.

Da fanka ta tsaya, na so ƙasa ta tsage in shige. Farar rigar nan ta koma kamar jikin zabuwa, sai dai ɗigon ja ne. Wani dattijo mai tsokana a cikinsu, Malam Sale, ya goge gemunsa ya ce, "Alhaji, wannan ne wanda ka ce ya iya?"

Baba Alhaji ya cire tabarau, ya goge da gefen hula, ya mayar. Ya ce, "Shi ne. Ni na kawo shi, shi ya sa rabona ya fi na kowa." Suka fashe da dariya, har shi ma bakinsa ya ɗan motsa. Sannan, ba tare da ya kalle ni ba, ya ce da ni, "Malam, walima gobe da ƙarfe goma ne." Ya juya ya fita.

Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Baba Ilu bai ce "ai na faɗa maka" ba. Ya jawo tsanin masu fenti, ya miƙo min buroshi da tsumma, ya riƙe ƙafar tsanin da hannu biyu. Na hau ina karanta duk addu'ar da na haddace, har da ta shiga kasuwa. Shi kuwa abu ɗaya yake maimaitawa: "Kalli gilashi, kada ka kalli ni." Da na isa sama na ga ashe rabin dattin busasshen siminti ne, wanda ko shekara zan yi ina fesa masa ruwa daga ƙasa ba zai fita ba, sai an kankare. Muka fitar da dardumai rana. Allah ya taimake ni fentin mai mai ne, soso na wucewa lakar na bi. Kafin magariba tagogi sha biyu suna ɗaukar ido.

An yi walima lafiya, kuma an ba ni aikin, bisa sharaɗin da Malam Sale ya kafa cewa duk abin da zan shigo da shi sai Baba Ilu ya duba.

Bayan kwana biyu aka kawo wa Rabi leda daga Roni. Rigar ce, da saƙon cewa a ba mai sana'a. Sau uku na wanke ta da hannuna, Rabi na zaune tana ba ni shawara tana dariya. Duk ya fita sai wani tabo a kafaɗar hagu da ya ce yana nan daram. Na goge, na ninke, na mayar, ina tunanin zai bayar da ita kyauta.

Ranar sunan ɗanmu na fari sai ga Baba Alhaji cikinta. Wani baƙo daga Gwiwa ya matso ya raɗa masa cewa akwai abu a kafaɗarsa. Baba Alhaji ya kalli wurin, ya ce da ƙarfi yadda kowa a tabarma zai ji, "Bar shi, aikin ɗana ne." Na tashi kamar zan ɗebo ruwa, don kada a ga idona.

Yanzu in zan sayi kayan aiki, mai gadin wuri nake fara tambaya, in mai shago ya ce na waje ne sai in yarda. Kuma na gane cewa durƙusa wa suruki wajibi ne, amma a fara ajiye sanda.