Jego a Tukubar Ɗan Ladi

Ranar da aka raba mana sababbin salula a ɗan asibitinmu na wajen Gangara, ba wanda ya sa ni, na miƙe ina koyar da mutane. Aikina bin gidaje ne, in duba masu jego, in wanke wa tsofaffi miki. Kowace ziyara sai ka nuna inda aka yi ta, asibiti ko gidan majiyyaci, sannan ka danna salula ta riƙe daidai inda kake tsaye. Da wannan shaida ake biyan man moto.

"Abu mai sauƙi," na ce wa ungozomarmu. "Hajiya, in kin rikice ki neme ni."

To ƙauyukan ba rezo, wato sabis ɗin salula. Sai na ɓullo da dabara irin ta masu ilimi: in gama zagaye, in zauna inda rezo ya fi ƙarfi, in cika komai a natse. Wurin kuwa bencin Ɗan Ladi mai tsire ne.

A taron wata a Gazawa, babban likita ya haska taswira a bango. Ziyarar kowa ta bazu cikin ƙauyuka. Tawa ta dunƙule a ɗigo ɗaya, tsakiyar kasuwa.

Ya gyara tabarau. "Malam, matan nan duk a tukuba suka yi jego?"

Hajiya ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

An gyara, an biya ni. Amma har yau da na kashe moto Ɗan Ladi zai ɗaga wuƙa: "A ba da hanya, likita ya iso asibiti! Tsinke nawa za a rubuta wa mai jego?"