Shaihun Ƙanƙara

Ni fa ba ganganci na yi ba. Da Ammu Sabir, mai gidan hayarmu, ya ara mana motarsa mai gado da famfo a ciki, sai da na karance littafinta. Babin zubar da ruwan tanki lokacin sanyi kaɗai na tsallake. Ƙanƙara a Masar? Na cika tanki fal, muka hau duwatsun Sina'i.

Da asuba abokina Bashir ya murɗa famfo zai yi alwala, ko ɗigo. Ruwa ya daskare, bututu ya fashe.

Ya ce, "Ya Shaihu, babin taimama fa, shi ma ka tsallake?"

Na yi bayani har na gaji. Har yau, ko shayi ne ya huce, sai Ammu ya ce, "Ba komai, a kira Shaihun Ƙanƙara."