Ranar Da Na Ɗora Wa Kwanon Islamiyya Harajin Miliyan Uku

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da za a wanke mani ƙwaƙwalwa da sabulu, da wata Laraba a shagon Kawu Lawal da ke Kankia. Kawu yana sayar da kwanon rufi da siminti, kuma shekara talatin ke nan mutanen ƙauyuka suna aiko masa da kuɗi ba tare da sun tambayi farashi ba, don sun san ba ya ƙara ko kwabo. Sunansa shi ne jarinsa. Ni kuwa na dawo daga makaranta da difloma ta kwamfuta, kaina ya kumbura, ina tafe da jaka a baya ko da ba komai a cikinta.

Ni na matsa masa lamba ya bar rasit ɗin hannu. Na saka masa manhajar da ke fitar da takardar biya, ta tura wa mai saye a waya, ya danna ya biya daga inda yake. A wajen saitawa akwai akwatin da ake rubuta harajin VAT, kashi bakwai da rabi cikin ɗari. Na rubuta 7.5, na wuce abina. Akwai wani ɗan ƙaramin rubutu a ƙasan akwatin, amma ina, mai difloma ne zai tsaya karanta ƙananan rubutu? (Kada ku ce ban gwada ba. Na gwada. Sai dai don tsoron kada a cire mani kuɗi, na sa farashin kayan gwajin sifili. Haraji ya fito sifili, na ce madalla, aiki ya yi kyau.)

Masu saye na farko dattawa uku ne daga Mawashi ta yankin Kusada, ƙarƙashin Malam Ilu, ma'ajin ƙungiyar garinsu. Kwanon rufin Islamiyya suka zo saye, na naira dubu ɗari huɗu, kuma 'yan garin da ke aiki a birane ne za su biya. Na karɓi lambar Malam Ilu, na danna tura cikin isa, shi kuma nan take ya wuce da takardar zuwa zauren ƙungiyarsu na waya, bai ko buɗe ba. Me zai duba? Shagon Alhaji Lawal ne.

Ko ruwan da aka kawo masu ba su gama sha ba wayarsa ta fara ruri. Ya ɗaga, muna jin ihun mai kiran daga inda muke zaune. Malam Ilu ya miƙe tsaye.

"Mi ka ce? Miliyan nawa?"

Na leƙa allo. Kwano, dubu ɗari huɗu. Haraji, miliyan uku cur. Jimla, miliyan uku da dubu ɗari huɗu. Innalillahi!

Da a nan na ce na yi kuskure, da abin ya zo da sauƙi. Amma da Kawu ya juyo ya ce, "Kai, mi ke nan?" sai na ji bakina ya ce, "Kawu, ai kwamfuta ba ta kuskure. Ƙila gwamnati ce ta ƙara haraji da safen nan."

Wallahi haka na faɗa, a gaban dattawa masu furfura.

Ɗaya daga cikinsu ya tafa hannu yana salati. Malam Ilu kuwa ya kunna saƙon murya da ya shigo zauren, kowa ya ji wani yana cewa daman an daɗe ana zargin ma'aji da mai shago suna haɗa baki, yau Allah ya tona asiri. Na dubi Kawu. Bai yi faɗa ba, ya dai cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ban taɓa ganin kansa ba hula a kasuwa ba sai ranar, kuma abin ya tsorata ni fiye da miliyan ukun.

Hayaniyar ce ta jawo Mama Chidi, maƙwabciyarmu mai sayar da fenti, wadda ta fi ni shekaru a Kankia kuma Hausarta ta fi tawa kaifi. Ta ture ni gefe, ta sa tabarau, ta ce in buɗe wajen haraji. Ta ɗora farce a kan ƙaramin rubutun nan.

"Ɗan nan, karanta mana da ƙarfi."

Na karanta. Cewa ya yi a rubuta harajin a matsayin ɓangare na ɗaya, har da misali: kashi bakwai da rabi, a sa 0.075. Wato ni da na sa 7.5, na umarci na'ura ta ninka kuɗin kaya sau bakwai da rabi. Mama Chidi ta danna tsohuwar kalkuletarta mai ɗaure da kyauro, ta nuna wa kowa: dubu talatin.

"To ga gwamnatin da ta ƙara haraji nan a tsaye," in ji ta, tana nuna ni da biro.

Na gyara, na sake turawa, amma maganar ta riga ta zaga Mawashi. Kawu ya ce gyara ta waya ba zai wanke shi ba. Ranar Juma'a ya sa aka loda kwanon, ya ce in hau bayan motar tare da kayan, muka nufi Mawashi. Bayan an sallame salla ya tsayar da ni a ƙofar masallaci, na yi wa jama'a bayani tiryan-tiryan, har da ƙaryar da na yi wa gwamnati. Wasu suka yi dariya har da riƙe ciki, wanda ya tura saƙon muryar ya kira ya ba Malam Ilu haƙuri. Wani tsoho kuma ya tambaye ni, cikin tausayi na gaske, ko makarantar da na yi ta mayar mana da kuɗinmu.

A hanyar dawowa, da muka wuce Kusada, Kawu ya dube ni. Sannan ya ce, "Shekara talatin ba a taɓa kirana macuci ba. Kai ka samo mani sunan kafin mutane su gama shan ruwa." Gara a ce mari ya kwaɗa mani.

Har yau manhajar tana aiki a shagon, kuma lafiya lau take. Abin da na koya shi ne, duk ranar da lissafi ya fito da adadin da ko mai tallan gyaɗa zai yi wa dariya, kada in tsaya neman mai laifi a Abuja. Yana nan zaune a kan kujerata.