Yadda Za Ka Burge Surukinka da Wuƙarsa Mai Mariƙin Ƙaho

Ɗan'uwa, bi matakan nan ba tare da ka tsallake ko ɗaya ba, ni kuma na ba ka tabbacin surukinka ba zai taɓa mantawa da kai ba. Da hannuna na gwada.

1. Karɓi aikin da ba a ba ka ba

Ka je gaisuwa, ka tarar da tsohon a kan kujerarsa yana fere lemo da 'yar wuƙarsa ta aljihu, wadda ta girmi matarka. Zai miƙo maka ita, ya ce ka wasa masa bakinta kawai. Yi kamar ba ka ji "kawai" ɗin ba. Dubi mariƙin: ƙaho ne, amma ya yi baƙi ƙirin, sai maiƙo yake yi. Ka ce a ranka, Allah sarki, 'ya'ya bakwai an rasa mai wanke masa.

2. Kada ka saurari matarka

Za ta ce babanta busasshen tsumma da ɗigon mai kaɗai yake sa wa mariƙin, kuma ko mahaifiyarta ba ta taɓa wuƙar nan. Yi murmushi. Ita 'yar gida ce, ta saba da dattin har idonta ya daina ganinsa.

3. Tafasa ruwa

Zuba garin sabulu, ka tsoma wuƙar, ka tafi ka sha shayi. Masu ƙaramin sani za su ce ƙaho ba ya shiri da ruwan zafi, wai laushi yake yi ya lanƙwashe. Rabu da su. In wari irin na ƙonannen gashi ya cika kicin, dattin ne ke fita.

4. Shanya a rana

Bakin taga ya fi, da tsakar rana. Za ka ga 'yar tsaga ta bayyana kusa da ƙusar mariƙin. Kada ka damu, ƙahon ne ke shan iska.

5. Kawo samfefa

A gefe ɗaya na mariƙin akwai wani ɗan rami mai santsi. Sakacin maƙeri ne, ba shakka. Goge shi da takardar nan mai kaushi har ko'ina ya zo daidai, mariƙin ya yi fari fat.

6. Miƙa da hannu biyu

Idon tsohon ya yi rauni, da hannu yake gani. Zai jujjuya wuƙar, babban yatsansa ya nemi wurin zamansa, ya zame. Ya sake nema, ya sake zamewa. Sai ya ce, "Ina wuƙata?"

Ka ce, "Ita ce, Baba. Wanka ta sha."

Sannan ya gaya maka a hankali cewa ramin nan yatsansa ne ya haƙa shi, shekara arba'in, tun ranar da nasa surukin ya ba shi wuƙar. A nan kunya za ta rufe ka, ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. Daure, ka kusa gamawa.

7. Karɓi sakamakonka

Zai kama hannunka, ya sa wuƙar a tafinka, ya naɗe yatsunka a kanta.

"Ta daina sanina, riƙe ta," in ji shi. "Busasshen tsumma, ɗigon mai. Ban da ruwa, ban da rana. Ranar da yatsanka ya mayar da ramin, ka kawo in taɓa." Ka kai bakin ƙofa ya ƙara da cewa bakin wuƙar ma ba ka wasa ba.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, tsakaninka da surukinka ne, babu ruwana, kada a turo mini kowa. Hannuna ma ba a sake yake ba. Shekara uku ke nan ina murza mariƙin nan, a mota, a wurin aiki, a layin asibiti, matata na yi mini dariya. Duk zuwa gaisuwa tsohon sai ya karɓa ya shafa, ya miƙo mini, ya ce, "Da saura."