Minti Goman Gwaggo Asabe

Ba zan taɓa mantawa da ranar girkin bikin Zainabu a unguwar Gangare ba, kuma ko na so in manta, dangin mijina ba za su bari ba. Har yau idan na shiga gidan ɗaya daga cikinsu na zauna, sai wata ta ɗaga kai ta dubi agogon bango, ta yi gyaran murya. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai, don ba wanda ya jawo mini sai ɗan yatsana.

Mantuwa ce ta fara kai ni. Ni matar gida ce mai 'ya'ya huɗu, mijina tela ne a nan Anguwan Rogo, ga Islamiyyar matan aure Asabar da Lahadi, yau suna gobe ta'aziyya. A wata guda na ƙona wake sau biyu, na manta ranar rigakafin auta, na kuma tura babbar 'yata Ummi makaranta da kayan wasanni ranar da ba ta wasanni ba. Da na kai kuka wurin Rukayya, ƙanwar mijina da ke jami'a, sai ta kalle ni kamar na ce mata har yanzu a dutse nake niƙa.

"Haba Anti, wa yake riƙe abu a ka yanzu? Manhaja ake sa wa a waya, ita za ta riƙa tuna miki komai."

Guda uku ta sauke mini in zaɓa. Ta farko ta manyan ofis ce. Ina buɗewa ta tambaye ni sunan kamfanina da yawan ma'aikatana. Na ce kamfanina kicin ne, ma'aikaciya ɗaya ce, ita ce oga ita ce masinja, na goge ta. Ta biyu ɗan itace take dasa miki a fuskar waya: kin yi aikinki ya yi ganye, kin yi sakaci ya yi yaushi. Kwana uku itacen ya mutu murus, na wuni ina jin kamar na kashe mai rai (har istigfari na yi, Allah Ya sani). Ita ma na goge ta.

Ta ukun ce ta kama ni. Ba don ta fi sauran iya aiki ba, a'a. Idan kin gama abu kin danna, sai ta yi wata 'yar ƙara, ting, furanni masu launi-launi su zubo daga saman wayar har ƙasa. Shekara goma sha huɗu ina wanke-wanke, ba wanda ya taɓa watsa mini fure ko ɗaya. Nan take na ce wannan ce tawa. Rukayya ta fara yi mini bayanin wani wuri da ake raba aiki da mutane, wai in yi hattara da shi, na katse ta.

"Rukayya, na fa yi sakandare. Bar ni da wayata."

(Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.)

Cikin sati biyu na zama abin da ba a iya zama da shi. Har aikin da na riga na gama nake rubutawa don kawai in danna in ji ting. Share tsakar gida, ting. Jiƙa gero, ting. Duk macen da ta ce ta manta wani abu a gabana sai ta sha wa'azi, ina ɗaga waya sama kamar wadda ta dawo da digiri daga ƙasar waje. Abin bai tsaya kan sa'o'ina ba, har kan Gwaggo Asabe ya kai.

Gwaggo Asabe ƙanwar mahaifin mijina ce, ita ta rene shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, don haka ita ce surukata. Da na haifi Ummi, ita ta baro gidanta ta zo ta yi mini wankan jego. Tana da ɗabi'u biyu da kowa ya sani. Idan tana son tuna abu, ƙulli take yi a gefen mayafinta, wani lokaci har uku ko huɗu. Sannan akwai labarin ciwon ƙafarta, wanda idan ta fara shi bayan azahar, sai ladan ya cece ki da kiran la'asar. Ranar da na ga tana lalubar ƙullinta tana ƙoƙarin tuna na mene ne, sai na yi dariya na ce, "Gwaggo, ai zamanin ƙulle-ƙullen nan ya wuce. Da za ki yarda da na sa miki irin tawa." Ta dube ni ta ce, "To, 'yar boko."

Yanzu ga inda na haƙa ramin. A ƙarƙashin kowane aiki akwai ɗan fili na ƙarin bayani, ni kuwa na mai da shi aminiyata. Malamarmu ta Islamiyya ta yi mana nasiha kan zumunci, ta shige ni sosai, sai na ce bari in tsara zumuncin nan kamar yadda na tsara wanki. Ga kaɗan daga abin da na rubuta, kuma ina rubuta shi yanzu fuskata na zafi:

Gaida Gwaggo Asabe, duk Juma'a. Minti goma. A tashi kafin ta fara labarin ƙafa.

Leƙa Anti Larai. A yabi miyarta ko da gishiri ya yi yawa, kamar kullum.

Haƙuri da Baban Ummi. Kullum, ƙarfe bakwai na safe.

Anti Larai matar yayan mijina ce, mace mai kirki da baki kamar reza. Baban Ummi kuwa kun san ko wane ne.

Ana haka aka sa ranar bikin Zainabu, jikar Gwaggo. Al'adar gidan ita ce, ana saura kwana ɗaya biki mata su taru a gidan Gwaggo a yi girki, ita ke raba aiki da baki: ke nama, ke shinkafa, ke miya. Shekara da shekaru haka ake yi, ba a taɓa kwana da yunwa ba. Amma ni, shugabar kamfanin kicin, na miƙe a taron dangi na ce wannan karon za a yi abu a tsare. Na bi mata shida ɗaya bayan ɗaya na sa musu manhajar a waya, har da amarya. Na rubuta jerin aikin biki tsaf, wa zai je mayankar Abattoir ɗauko nama, wa zai kawo dankalin turawa da kabeji, wa zai yi masa. Da na zo rabawa, wayar ta yi mini wata tambaya da Turanci mai tsawo, a ƙasa ga maɓalli biyu, ƙarami da babba kore. Miyata na kan wuta. Na danna babban. (Wai ashe tambayata take, jerin biki kaɗai zan raba ko duk abin da na taɓa rubutawa. Mai sakandare ba ta tsaya karantawa ba.)

Alamu sun zo, ni ce ban gani ba. Da safe zan buɗe waya in tarar an riga an danna "Haƙuri da Baban Ummi." Sai na ce kai, manhajar nan har ta san halina, ta san na riga na yi. Anti Larai ta aiko mini da miyar kuka sau biyu a sati ɗaya, kowane karo sai ta kira: "Ya gishirin, ƙanwata? Faɗi gaskiya fa." Ni kuma in ce, "Wallahi Anti daidai yake," sai in ji ta fashe da dariya ta kashe. Shi ma maigidan, yana shan koko, ya dubi agogonsa ya ce, "Maman Ummi, bakwai ta yi fa. Ko yau ba za a yi ba?" Na ce me? Ya ce ba komai, ya ɗauki hularsa yana murmushi. Duk wannan bai sa na yi tunanin komai ba. Ina can ina jin ting.

Ranar girki ta faɗo Juma'a. Na sauka daga keke mai ƙafa uku a bakin lungu da hantsi, ana yayyafi, ga sanyin nan namu mai shiga ƙashi. Tsakar gida cike da mata, an kafa murhu uku a ƙarƙashin rumfa, nama ya iso, ana feraye dankali. Na shiga waya a hannu, ina tafe ina duba wa ya yi aikinsa wa bai yi ba. Na lura ana ta kallona ana danne dariya, na ɗauka sabon leshina ne.

Gwaggo na zaune a kan tabarma a baranda, ta miƙe ƙafa, tsofaffin unguwa uku na gefenta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Na gyara zama. Can ta shafa gwiwarta ta ce, "Ƙafar nan kuwa jiya…" sai ta katse maganar. Ta ɗaga murya:

"Larai, duba mini agogo. Nawa ya rage mata?"

Daga bakin murhu Anti Larai ta ce, "Ya cika cif, Gwaggo."

Gwaggo ta juyo ta dube ni. "To tashi, 'yata. Minti gomanki ya cika. Tashi kar in fara labarin ƙafa."

Kafin maganar ta gama shiga kunnena, wayar da ke hannuna ta yi ting. Na duba. Furanni na zubowa, ja da rawaya da shuɗi, a kan "Gaida Gwaggo Asabe." Na ɗaga kai, ga Anti Larai riƙe da tata wayar, ludayi a ɗaya hannun, ta ce, "Na taya ki dannawa. Saura miyata, ga ta nan tana jiran yabo."

Gidan ya ɗauka. Wata har ta saki wuƙar feraye ta riƙe ciki. Ɗaya daga cikin tsofaffin tana tambaya, "Me aka ce? Me aka ce?" aka maimaita mata da ƙarfi, don kunnenta ba ya ji sosai, har maƙwabta suka samu nasu rabon. Rukayya ta rufe fuska da gyale tana cewa, "Anti, ai na so in gaya miki." Ashe sati guda ke nan mata shida suna karanta cikina kamar jarida. Gwaggo ba ta karatun boko, amma ta ga ana ƙus-ƙus ana dariya, ta rantse sai an karanta mata, Larai kuwa ba ta tsallake ko layi ɗaya ba.

Dariyar zan iya ɗauka. Abin da ya karya ni shi ne, Gwaggo ba ta yi ba. Da hayaniyar ta lafa, ta ce a hankali, ba tare da ta kalle ni ba, "Kwana arba'in na yi a ɗakinki. Ban tuna na duba agogo ba."

Na rasa inda zan sa kaina. Na tashi na karɓi aikin yanka albasa, buhu guda, ni kaɗai, don a ce ita ce ke sa ni hawaye. Ba wadda ta yarda.

Bayan biki da kwana uku na koma Gangare, gidan Gwaggo. Wayar na bar ta a gida a ƙarƙashin filo. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, ki yafe mini, na yi wauta." Ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta fara gaya mini nata labarin, sannan ta ce, "Zauna. Yau nawa aka ba ni?" Na ce, "Sai kin kore ni."

Ranar na ji labarin ƙafa daga farko har ƙarshe. Gwaggo daga baya take faro shi: ciwon jiya, sai man shafawar bara, sai likitan da ya ce a yi hoto, sai mai ɗorin da ya ƙara ɓata ta. Ni kullum a wajen man shafawa nake miƙewa. Sai gab da la'asar muka iso asalinsa, ta faɗe shi kamar tana faɗin kuɗin gishiri: "Ai a bakin rijiyarku na zame, ina ɗauke da ruwan wankanki, kwana goma sha biyu da haihuwar Ummi. Ban gaya miki ba, mai jego ba a tayar mata da hankali."

Wannan karon babu albasa a kusa.

Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta jawo gefen mayafinta ta nuna mini ƙulli uku. "Kin ga na tsakiyar nan? Naki ne." Na share ido na ce, "Me ya ce, Gwaggo?" Ta ce, "Ba ruwanki. Nawa ba ya ƙara, ba ya fure, kuma Larai ba ta iya karanta shi."

Manhajar tana nan a wayata, ban goge ta ba. Tana tuna mini wake da rigakafi da ranar wasannin Ummi, kuma yanzu duk tambayar da ta yi mini sai na karanta ta sau biyu, na kira Rukayya ta karanta ta uku. Amma na cire mutane daga ciki. Na gane cewa wanda ya cancanci gaisuwa ba a sa masa agogo, kuma abin da ba za ki iya faɗa a gaban Anti Larai ba, kada ki faɗa wa waya, don duk ɗaya ne.

Layi ɗaya kawai na bari, shi ma mai shi ne ya roƙa. Baban Ummi ya ce don Allah na ƙarfe bakwai ɗin nan kar a taɓa shi, in ma da hali a ƙara wani da yamma.